Wutar cek injin ta ƙi mutuwa

Tambaya: Malam, Honda Accord gare ni, ƙirar 2001. Wutar cek injin ta kama, aka jona kwamfuta ta nuna lambar matsala P0135. Bakanike ya goge, bayan kwana biyu ta dawo, ga shan mai ya ƙaru. Yanzu ya ce a cire kwan wutar kawai. In yarda? Daga mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Ɗan'uwa, don Allah kada ka bari a cire kwan nan. Ran da babbar matsala ta zo, wa zai gaya maka?

P0135 tana nuni da sensar iskar oksijin ta farko, wadda ke ɗaure a salansa kafin a kai katalis mai tace hayaƙi, abin da makanikai ke kira indomi. Ita ke shinshinar hayaƙi ta gaya wa kwamfutar motar ta ƙara mai ko ta rage. Sai ta yi zafi sosai take aiki, shi ya sa aka sa mata hita a ciki. Layin hitar ne ya samu matsala.

Kada ka yi gaggawar sayen sabuwa. Je wurin rewaya ya fara duba fiyus, sannan ya bi wayoyin. Na taɓa ganin wadda wayarta ta kwanta a jikin salansa, robar ta narke ta yi baƙi ƙirin, sensar kuwa lafiyarta ƙalau. In wayoyin na da kyau, ya cire soket ya auna hitar da mita. In ta tsinke, sai canji.

Ka sayi sensa mai lamba daidai da motarka. In aka ƙi gyarawa, aka bar ɗanyen mai yana ta bi ta salansa, katalis ɗin ne zai ƙone, kuma ya fi sensar tsada nesa ba kusa ba.