Hukuncin Nuna Shan Taba a Cikin Fim

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni marubucin labarin fim ne a Kano. A sabon labarina akwai ɗan daba da ba ya rabuwa da karan sigari, abokan aikina kuwa sun ce hukumar tace fina-finai tana iya yanke wuraren. Shin nuna hakan haramun ne, kuma dole ne in bi umarnin hukumar?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Taba ba ta shigo ƙasashen Musulmi ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 16, shi ya sa malamanmu na Malikiyya suka saɓa a kanta: Ahmad Baba na Timbuktu da Aliyu al-Ujhuri sun halatta ta, Ibrahim al-Laƙƙani kuwa ya hana. Waɗanda suka halatta sun yi magana ne a zamanin da cutarwarta ba ta tabbata ba. Yau likitoci sun tabbatar tana jawo sankarar huhu da ciwon zuciya, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce tana halaka fiye da mutum miliyan 7 duk shekara, don haka abin da ya rinjaya shi ne haramci, saboda faɗin Annabi (SAW) cewa babu cuta babu cutarwa.

Daga nan, ɗan'uwa, bai halatta ka sa jarumi ya zuƙa da gaske ba. Zamansa ɗan daba wasa ne, amma hayaƙin da ke shiga ƙirjinsa na gaske ne, kai ma ka san fitowa ɗaya akan maimaita ɗaukarta sau da yawa, kowane maimaici da sabon kara.

Nunawar kanta kuwa hukuncinta yana bin abin da hoton yake koya wa mai kallo. Idan kyamara ta matso fuskar jarumin, ya ƙyasta ashana cikin ƙasaita, ya busa hayaƙi a hankali kiɗa na tashi, yaransa suna russunawa, to an ƙawata saɓo, ko da a ƙarshen fim ɗin an kama shi, domin yaro ba ya riƙe ƙarshen labari kamar yadda yake riƙe salon gwaninsa. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi kira zuwa ga ɓata yana da kwatankwacin zunubin waɗanda suka bi shi. Idan kuwa labarin yana buƙatar a ga illarta, kamar baƙin leɓe da tarin da ya hana mutum barci, ya halatta gwargwadon buƙata, da karan da ba a kunna ba ko toka a ƙasa.

Game da hukuma, a 2024 hukumar tace fina-finai ta tarayya ta sanar da ƙa'idar hana tallata taba da ƙawata shanta a fina-finai da bidiyon waƙoƙi, Jihar Kano kuma tana da tata hukumar tun 2001. Shugaba yana da ikon toshe ƙofar ɓarna don maslahar jama'a, biyayya gare shi a nan wajibi ce, tunda bai umarce ka da saɓon Allah ba. In kana ganin an yanke abin da bai cancanta ba, ka kai musu hujjarka a rubuce, amma kada ka miƙa musu kwafi ɗaya ka saki wani daban a YouTube, domin wannan ha'inci ne.

Allah ne Mafi sani.