Shin da gaske tankar Sherman ta Amurka ba ta da inganci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan jin ana cewa tankar Sherman da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu da ita gwangwani ce, harsashi ɗaya ke cinna mata wuta, yawanta kawai ya cece ta. Ta yaya aka ƙera ta, kuma me ya sa ba su yi irin Tiger ta Jamus ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zancen yana da ƙamshin gaskiya, amma an yi masa gishiri.

Lokacin da Jamus ta murƙushe Faransa cikin makonni shida a 1940, Amurka ba ta da tankar a zo a gani. Matsakaiciyar da take da ita, M2, igwa mai faɗin baki milimita 37 ce a kanta. Sojoji suka ce sai mai milimita 75, amma ba a shirya kan tanka mai juyawa da zai ɗauke ta ba. Sai aka yi ta maza da M3: aka dasa babbar igwar a jikin tankar ta hannun dama, ta yadda in abokin gaba ya ɓullo ta gefe sai an karkata tankar gaba ɗaya. Ita ce Turawan Ingila suka kira Lee da Grant. Ana cikin ƙera ta aka zana wadda za ta gaje ta, samfurin farko ya fito a Satumba 1941, kuma a Fabrairu 1942 wani kamfanin ƙera kawunan jirgin ƙasa a Lima, jihar Ohio, ya fara fitar da M4. Ingila ce ta laƙaba mata sunan Janar William Sherman na yaƙin basasar Amurka.

Abin da masu kushe ta ke mantawa shi ne teku. Jamus tana ɗora tankarta a jirgin ƙasa, kwana kaɗan ta isa fagen daga, in ta yi mummunar lalacewa a mayar da ita masana'anta. Ta Amurka kuwa sai injin ɗaga kaya ya ɗora ta a jirgin ruwa, ta ƙetare Atlantika ko Pasifik, ta hau gadojin wucin gadi, kuma ba komawa gida gyara. Shi ya sa aka tsayar da nauyinta wajen tan 30, alhali Tiger ta haura 50.

Batun inji ma abin kallo ne. Na farko injin jirgin sama ne mai silinda 9 a zagaye, kamfanin Continental ya ƙera. Yana baya, giya tana gaba, farfela ta ratsa ta ƙarƙashin mazaunin ma'aikata, dalilin da ya sa tankar ta yi tsayi har ake hango ta daga nesa. Da injin ya yi ƙaranci, General Motors ya haɗa injunan dizal biyu, Ford ya kawo mai silinda 8, Chrysler kuwa ya ɗaure injunan mota biyar wuri guda suka zama silinda 30. Ka ji kamar shirme, amma ya yi aiki, Ingila ce ma ta fi amfani da shi. Gaban tankar da noti aka ɗaure shi, makanikai su kwance, su zaro giya, su sa wata a filin daga. Kamar Fijo 504 take a zamaninta: ko'ina akwai kayanta da mai gyaranta.

Da ta fara yaƙi a El Alamein ta Masar a Oktoba 1942, bayan shugaban Amurka Roosevelt ya aika wa firaministan Birtaniya Churchill guda 300, ta fi yawancin tankokin kwamandan Jamus Rommel. Wahala ta bayyana ne sosai a Normandi ta Faransa a 1944, inda igwarta ta kasa huda gaban tankokin Jamus Panther da Tiger. A nan kam akwai laifin manya, domin aƙidar rundunar ita ce farautar tankoki aikin wasu motocin igwa ne daban, shi ya sa aka yi jinkirin ƙara mata ƙarfi. Ingila ta ɗora mata tata igwar ta kira tankar Firefly, Amurka ta kawo mai milimita 76.

Gobarar da kake ji gaskiya ce, sai dai ba fetur ne babban dalili ba. Albarusai ne da aka jera a gefunan tankar, daidai inda harsashi ke shiga. A 1944 aka sauke su ƙasa cikin akwatunan da ruwa ya kewaye, kuma kama wuta ya ragu ƙwarai.

Yawan kuwa ba ƙarya: guda 49,234 aka ƙera, Tiger ta farko ba ta wuce wajen 1,350 ba. Tarayyar Sobiyet ta karɓi sama da 4,000 masu dizal. A ganina, Amurka ta yi daidai da ta ƙi kwaikwayon Tiger, ta yi kuskure da ta jinkirta babbar igwa har sai da mutanenta suka sha wuya a Faransa. Bayan yaƙin Sherman ta sake fita a Koriya, Indiya da Pakistan duk sun yi amfani da ita a yaƙinsu na 1965, Isra'ila kuma ta ɗora mata igwar Faransa mai milimita 105 ta kai ta har yaƙin 1973.