Sharhin jaridu da cinikin tikiti idan babban jarumi ne ke jan tsohon wasa

Malam, sannu da wannan tambaya. Ka ce ka ga an dawo da wani tsohon wasan Shakespeare kan dandamali a Broadway, wato unguwar manyan gidajen wasan kwaikwayo ta New York, fitaccen jarumin fim ne ke jan wasan, masu sharhi a jaridu suka kushe shi, amma duk da haka aka ce tikiti ya ƙare ƙaf. Kana so ka san ko sharhin nasu yana taɓa ciniki kuwa, ko ɓata tawada kawai suke yi.

Yana taɓawa. Sai dai ƙarfinsa ya rataya ne a kan abu guda: kujeru nawa suka rage ba a sayar ba a daren da sharhin ya fito. Idan ka riƙe wannan, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Fara da yadda abubuwan suke bin juna, domin nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Wasan da babban jarumi zai ja, ana buɗe sayar da tikitinsa watanni kafin ma a fara gwaji, wani lokaci har shekara guda. Daga nan sai a yi wasannin share fage na mako uku ko huɗu, inda 'yan kallo suke biyan kuɗi kamar kullum alhali darakta yana ta gyare-gyare. Masu sharhi ana gayyatarsu ne a ƙarshen share fagen, da sharaɗin ba za su wallafa komai ba sai daren buɗewa. Kafin sharhi na farko ya fita ke nan, furodusa ya riga ya shafe watanni yana karɓar kuɗi. Kuma tikitin Broadway ba a mayar da kuɗinsa don ka karanta sharhi ka canza ra'ayi. Abin da aka saba shi ne a mayar maka ko a canza maka rana idan jarumin da aka rubuta sunansa a saman sunan wasan bai fito ba a ranar. Wanda ya saya tun watan Nuwamba, sharhin watan Maris ba zai fitar da kuɗinsa daga akwatin furodusa ba.

Ɗauki Othello na 2025 a gidan wasa na Ethel Barrymore da ke New York, wanda Denzel Washington da Jake Gyllenhaal suka ja, Kenny Leon ya ba da umarni. An tsara shi na mako 15 kacal. Zauren yana ɗaukar mutum dubu ɗaya da 'yan kai, ana wasa sau 8 a mako, wato kujeru wajen 8,400 a mako, jimilla kusan 125,000 a duk tsawon wasan. Wannan shi ne duk hajar da za a sayar, ba ƙari. Mutanen da suke son ganin Denzel Washington ido da ido a duniya sun ninka wannan adadi sau da yawa. Shi ya sa tikiti mafi tsada ya kai dala 921, kuma tun ana share fage wasan ya tara dala miliyan 2.8 a mako guda, abin da wani wasa wanda ba na waƙe-waƙe ba bai taɓa yi ba a Broadway kafin lokacin. Ka raba miliyan 2.8 da kujeru 8,400, za ka ga kowace kujera ta tashi a kan fiye da dala 330. An buɗe ranar 23 ga Maris, sharhin ya zo sama-sama, wasu suka yaba wa Gyllenhaal suka kushe tsarin daraktan. Da aka fitar da sunayen waɗanda za su yi takarar lambar Tony, wato babbar lambar yabo ta wasannin Broadway, wasan bai samu ko guda ba. Duk da haka ya mayar da jarinsa kafin a rufe shi a watan Yuni.

A Landan ma haka ta faru da Hamlet na Benedict Cumberbatch a gidan wasa na Barbican a 2015. Tikiti wajen 100,000 sun ƙare tun 2014, shekara guda kafin a fara. Jaridar The Times ta karya al'ada ta yi sharhi tun daren farko na share fage, ta ba shi tauraro biyu cikin biyar. An yi ta ka-ce-na-ce, amma ba wata kujera da ta rage da sharhin zai hana sayarwa. Akwai ma inda kushe ya zama talla: Macbeth na Peter O'Toole a gidan wasa na Old Vic a 1980 ya sha zagin da ba kasafai ake gani ba, mutane kuwa suka yi ta tururuwa don su ga abin da ake zagi. Wannan na ƙarshe kada ka ɗauke shi ƙa'ida, ba ya yawan faruwa.

To ina sharhin yake cizo? Wuri na farko shi ne farashi, kuma nan ne ya fi dacewa ka zuba ido. Tun 2001, lokacin da wasan The Producers ya fara ware kujeru na musamman a kan dala 480, gidajen wasa suka koyi ɗaga farashi da sauke shi gwargwadon yadda ake nema, kamar yadda kamfanonin jiragen sama suke yi. Furodusa mai wayo ba ya zubar da duk kujerunsa masu kyau a kasuwa tun farko. Yana riƙe wasu, musamman na makonnin ƙarshe, sai ya ga yadda daren buɗewa ya kaya. Idan sharhi ya yi kyau, sai ya sake su da tsada. Idan ya yi muni, kujerar da aka sa wa dala 400 za ta sauko 250, daga nan ta sauko farashin kowa da kowa, daga nan a fara tura lambobin rangwame ta imel, a ƙarshe a kai ragowar rumfar TKTS da ke Times Square inda ake sayar da tikitin ranar da ragi har zuwa rabin kuɗi. Dole ne a yi hakan, domin kujerar wasa kamar kujerar motar haya ce: da zarar mota ta bar tasha babu kowa a kanta, kuɗin wannan tafiya ya tafi har abada. Saboda haka zaure yana iya cika maƙil alhali ciniki ya faɗi da kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya ce maka "ai ko'ina a cike yake" bai gaya maka komai ba tukuna, tunda har tikitin kyauta ake rabawa don kada jarumi ya fito ya tarar da kujeru wayam.

Na biyu, kwanaki masu rauni. Juma'a da Asabar suna sayar da kansu. Daren Talata da na Laraba, da makonnin Janairu da Fabrairu bayan baƙi masu yawon buɗe ido sun koma gida, su ne suke dogara ga mazauna gari masu zuwa wasa a kai a kai. Waɗannan kuwa su ne masu karanta sharhi, kuma sun riga sun ga Hamlet ko Macbeth sau uku ko huɗu a rayuwarsu. Tsohon wasa yana da wannan matsala ta musamman: labarinsa ba sabo ba ne ga kowa, don haka abin da mai kallo na gaske yake tambaya shi ne ko wannan karon ya cancanci ya sake fitar da kuɗi. Amsar tana hannun mai sharhi da bakin waɗanda suka riga suka gani.

Daga nan sai batun shi kansa jarumin, wanda a ganina shi ne furodusoshi suka fi yin kuskure a kansa. Sanannen suna daban, sunan da ke sa mutum ya cire dala 300 daban. Kelsey Grammer yana tsakiyar tashensa a talabijin lokacin da ya yi Macbeth a Broadway a 2000. Sharhi ya yi masa kaca-kaca, aka rufe bayan wasa 13. Orlando Bloom ya fito a Romeo and Juliet a 2013, sharhi ya zo da sanyi, aka rufe a Disamba alhali an tsara kaiwa Janairu. Glenda Jackson, wadda ba mai shakkar ƙwarewarta, ta yi King Lear a 2019. An yaba mata, an kushe tsarin wasan, aka rufe a watan Yuni maimakon Yuli. A duk ukun, masoyan jarumin na haƙiƙa sun sayi tikitinsu a makonnin farko suka ƙare, sauran makonnin suka koma hannun masu jiran su ji abin da za a ce. Wasa yana da kuɗin gudanarwa na kowane mako: albashin 'yan wasa da ma'aikatan bayan fage, hayar zaure, talla, da kason da shi jarumin yake karɓa daga ciniki bayan albashinsa. Idan ciniki ya sauko ƙasa da wannan, kowane mako asara ake tarawa. Sannan a yarjejeniyar haya akan sa sharaɗin cewa idan ciniki ya gaza wani adadi mako biyu a jere, mai zaure yana da ikon sallamar wasan ya kawo wani.

Misalin da ya fi fito da komai fili shi ne Funny Girl na 2022, duk da cewa na waƙe-waƙe ne. An buɗe a Afrilu, Beanie Feldstein ce ke jan wasan. Masu sharhi da yawa suka ce muryarta ba ta kai nauyin waƙoƙin ba, wasan ya samu gurbin takarar Tony guda ɗaya tak, kuma ba nata ba ne. Kuɗin da aka tara tun kafin buɗewa ya riƙe wasan na 'yan makonni, daga nan ciniki ya yi ta zamewa har ya faɗo ƙasa da dala miliyan 1 a mako. Feldstein ta bar wasan a ƙarshen Yuli. Lea Michele ta karɓa ranar 6 ga Satumba, a makonta na farko ciniki ya haura dala miliyan 1.6, masu sharhi suka dawo suka yaba, wasan ya ci gaba har Satumba 2023 kuma ya mayar da jari. Zaure ɗaya ne, darakta ɗaya, waƙoƙi kusan ɗaya. Abin lura shi ne tikitin Michele ya fara tashi tun ranar da aka sanar da sunanta, kafin kowa ya rubuta kalma guda. Sharhin da ya biyo baya shi ya taimaka farashin ya zauna a sama har shekara. Ka kwatanta da The Music Man na Hugh Jackman a 2022 ɗin: sharhi sama-sama, bai ci Tony ko ɗaya ba, amma yana tara fiye da dala miliyan 3 a makonni da yawa, kuma da lokacin tafiyar Jackman ya yi a Janairu 2023 sai aka rufe wasan gaba ɗaya maimakon a nemo wani.

Sharhi mai kyau kuma amfaninsa ga irin wannan wasa yana da iyaka, saboda jarumin yana da fim da ke jiransa. Da ƙyar a ƙara mako ɗaya ko biyu. Ribar tana zuwa ta farashin kujerun da aka riƙe, da lambobin yabo kamar yadda Fences na 2010 ya kawo wa Denzel Washington da Viola Davis Tony, da damar ɗaukar wasan daga Landan zuwa New York, da kuma sauƙin shawo kan masu zuba jari a wasa na gaba. Wannan na ƙarshe ba ya fitowa a lissafin mako, amma furodusoshi sun fi kowa damuwa da shi, tunda mafi yawan wasannin Broadway ba sa mayar da jarinsu.

Ba duk sharhi ne nauyinsa ɗaya ba. A New York, na The New York Times ya fi sauran nesa ba kusa ba, ko da yake ƙarfinsa bai kai na zamanin Frank Rich ba, wanda ya riƙe kujerar babban mai sharhin wasan kwaikwayo na jaridar daga 1980 zuwa 1993. A Landan nauyin ya rarrabu tsakanin jaridu da yawa, kuma taurarin da suke bayarwa su ake jerawa a allon talla. Yanzu kuma masu kallon share fage suna zuba ra'ayinsu a TikTok da sauran kafafe makonni kafin daren buɗewa. Wannan ya sa dole a yi hattara wajen ɗora wa mai sharhi laifin faɗuwar wasa: sau da yawa abin da ya rubuta shi ne abin da 'yan kallo suka riga suka fara faɗa wa juna, sai dai nasa ya fi saurin isa ko'ina.

Idan kana so ka auna da kanka, ƙungiyar Broadway League ta furodusoshi da masu gidajen wasa tana fitar da alƙaluman kowane wasa a farkon kowane mako. Ka bar kason cikar zaure, ka bi matsakaicin kuɗin tikiti. Kada ka yi hukunci da makon buɗewa, domin a makon ana raba kujeru da yawa kyauta ga 'yan jarida da baƙin da aka gayyata, ciniki yakan sauka ko da wasan yana lafiya. Ka kwatanta makonni biyu na ƙarshen share fage da mako na huɗu zuwa na shida bayan buɗewa, lokacin da kuɗin da aka tara tun farko ya fara ƙarewa. Ka cire makon Kirsimeti da na sabuwar shekara, domin kowa yana ciniki a lokacin, sannan ka duba ko jarumin ya yi fashi a makon da kake dubawa. A Landan ba a fitar da irin waɗannan alƙaluma wasa-wasa, don haka sai ka buɗe taswirar kujeru ta daren Talata nan da mako uku, ka ga nawa suka rage da farashinsu, ka sake dubawa bayan kwana goma. Idan kai mai saye ne kuma jarumin yana sahun su Denzel Washington, ka saya da wuri, jira ba zai rage maka komai ba. Idan kuwa sunansa bai kai can ba kuma wasan zai wuce mako 16, ka jira sharhi ya fito, ka ƙara mako biyu, sannan ka nemi tikitin tsakiyar mako.