Filtar wanki ko ta takarda? Zauna ka ji

Ka tambaye ni wacce za ka ce wa mai mota ya saya, filtar iska ta takarda da ake jefarwa in ta cika, ko ta auduga da ake wankewa a shafa mata mai a mayar. Na san a waya ka samo wannan tambaya. Kun ga wani a bidiyo ya ɗaura jar filtar auduga, ya taka totur, inji ya yi gurnani, shi ke nan a wurinku mota ta ƙara ƙarfi. Ƙara ce ta ƙaru, yaro.

Ba zan tsaya koya maka buɗe akwatin filta ba, wanda bai iya wannan ba ya koma gida. Abin da nake so ya zauna maka shi ne inji ya fi shan iska a kan mai nesa ba kusa ba. Kilo ɗaya na fetur sai da iska kilo 14.7 yake ƙonewa daidai, wato lita guda tana tafiya da iska wajen lita 10,000. Duk ƙurar da ke ciki, filta ce kaɗai tsakaninta da fistin. Ƙura kuwa yashi ce. In ta haɗu da baƙin mai sai ta riƙa cin ringi da silinda a hankali, in motar mai turbo ce da fukafukansa za ta fara.

Ta takarda ƙofofinta ƙanana ne, da kanta take tare datti. Ta auduga ƙofofinta sun fi faɗi, jan man da aka shafa mata ne ke kama ƙura. Kamfanin K&N na Amurka tun 1969 yake wannan sana'a, kuma sun ce tasu tana kai kilomita 80,000 a kan titi mai kyau kafin a wanke. Ban ƙaryata su ba. Masu wankin nake ƙaryatawa.

Akwai wani mutum, har gobe in na tuna shi raina ɓaci yake. Ya kawo mota inji ya gaji. Na sauke shi, na sa sabon ringi da gasket, na haɗa komai da hannuna, ban bar yaro ko ɗaya ya ɗaure noti ba. Na sa masa sabuwar filta ta takarda, na ce ita zai riƙa canjawa. Ya biya rabin kuɗin aiki, wai sauran sai ya ga kamun ludayin motar. Na ce to.

Bayan 'yan watanni sai ga shi. Salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, fitilar inji a kunne, mota na karkarwa a tsaye. Bai ko yi sallama ba. A gaban kwastomomi ya fara ɗaga murya, wai jabun ringi na sa masa na cinye kuɗinsa. Ni! Na yi shiru, na ɗaga bonet, na buɗe akwatin filta. Fara tas, ko ɗigon datti babu, a motar da ta yi watanni tana yawo. Nan jikina ya ba ni. Na kwance bututun da ke bayanta na zura yatsa, ya fito da jan mai, yashi na ƙaras-ƙaras a ciki. Ina takarda ta samo jan mai? Na zaro sensar da ke auna iska, siririyar wayar nan mai zafi, na tarar maiƙo ya rufe ta. Shi ya sa ƙwaƙwalwar motar ta rikice, take ba da mai ba bisa ƙa'ida ba.

Direbansa ne ya ja ni gefe ya fasa ƙwan. Ashe suna barin gareji ya sayi ta auduga ya ɗaura. Da fetur yake wanke ta, ya busar da iskar kwamfureso har zaren ya yage, sannan ya malala mata mai har yana ɗiga. Ranar da zai zo wurina, da safe ya sayi sabuwar ta takarda ya mayar don kada in gane. Na tunkare shi, ya rantse bai taɓa ganin irinta ba. Direba kuma ba zai yi shaida a kan abincinsa ba. Mutane suka shiga tsakani, aka ce in yi haƙuri saboda sunana. Na sake sauke injin nan, ringi daga aljihuna, sauran kuɗina kuwa ko ƙeyarsu ban gani ba. Kuma har yau akwai masu cewa aikina ne ya lalace.

To ka ji. Ta auduga tana son ruwan wankinta na musamman, a zuba ruwa daga gefe mai tsabta ya fita ta gefen datti, a bar ta ta bushe da kanta, a bi kowane ninki da mai kaɗan, a jira ya bazu. Wa ke da wannan haƙuri a cikinku, ku da ba kwa iya wanke filogi sai kun duba waya? In mai mota ya ce don tanadin fetur yake so, gaya masa a motar kafireto ne filta mai datti ke ƙara shan mai sosai. Mai injekta kwamfuta ce ke daidaita mai da iska, ƙarfi kawai za ta rage.

Mai tsere, ko wanda ka san yana kula da motarsa da kansa kuma yana jin magana, ya sa ta wanki. Kowa ban da su, musamman mai bin hanyar ƙura, ba shi ta takarda mai kyau, ka duba robar gefenta ta zauna ɗaram. Littafin mota yakan ce a canja tsakanin kilomita 15,000 da 30,000, inda ƙura ta yi yawa kada ka jira lissafi. Kuma kada in sake ganin ka hura ta takarda da kwamfureso kana cewa ka yi sabis, huda ta kake yi. Duk motar da ta shigo da kukan inji, kafin ka yarda da bakin mai ita, kwance bututun bayan filta ka zura yatsa, kuma a gabansa za ka yi.