Lissafin sitaci: kada a cire abin da an riga an cire

Wata Hajiya daga Birni, a Damagaram, ta rubuto: "Likita ya ce in rage sitaci saboda ciwon suga. Na sayi biskit, an rubuta glucides (sitaci) 60, fibres (fiba) 8. Ɗana ya ce 52 kawai zan ƙirga. Haka ne?"

Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, kin kyauta da kika tambaya kafin ki ci. Ɗan naki lissafin Amurka ya ɗauko. Can suna haɗa fiba, wato ɓangaren abincin da hanji ba ya narkarwa, cikin jimillar sitaci, shi ya sa ake cirewa. Kayan Faransa da sauran Turai kuwa an riga an ware ta daban, don haka 60 ɗin nan 60 ne, kuma yawanci a giram 100 ake nufi, ba a fakitin duka ba. In kina allurar insulin ko shan ƙwayar maganin suga ta glibenclamide, kada ki yanke tuwo rana ɗaya ba da sanin likita ba, suga na iya faɗuwa har mutum ya suma.

Wani daga Zengo: "In bar sukari in koma zuma da dabino?"

Malam, ai ba ka bar komai ba. Zuma giram 100 tana da sukari kusan 80, busasshen dabino wajen 65.

Wata ɗiya daga Mirriya: "Ana tallar garin keto a WhatsApp, jaka takwas leda, wai babu sitaci ko kaɗan. In saya?"

Kada ki saya, ɗiyata. Wannan abu yana ci mini rai. Leda babu sunan kamfani, babu ranar lalacewa, babu jerin abin da aka haɗa, da me za ki yi lissafin? Wa ya auna? Garin rogo ma fari ne, kuma kusan duk sitaci ne. Mai ciwon suga ya tuƙa shi da daɗin rai yana zaton magani ya samu, sai an kwantar da shi. Haka shayin rage ƙiba da ake yawo da shi a tire, da alewar da aka rubuta wa sans sucre, wato babu sukari, alhali maltitol, wani abin zaƙi, ne a ciki, wanda shi ma yana ɗaga suga, ya kuma ɓata ciki. Jaka takwas fa! Kuɗin cefanen kwana nawa ke nan?

Ki shiga Kasuwar Dole ta Damagaram da rabin kuɗin. Zogale, kuɓewa, yakuwa, ƙwai da awara duk sitacinsu kaɗan ne. A lissafin Amurka mai haɗa fiba a ciki, gyaɗa giram 100 tana da sitaci 16, a cire fiba 8, saura 8. Dafaffen wake 21, a cire 6, saura 15. Dafaffiyar farar shinkafa 28 ce, babu abin cirewa na kirki. Fura kuwa gero ce: a yawaita nono, a rage dunƙulen, kada a zuba sukari.