Hukuncin barin maganin asibiti a koma habbatus sauda

Tambaya: Malam, an gano Hajiyarmu na da ciwon dajin nono. Likita ya ce bai bazu ba tukuna, a yi mata aiki sannan a fara allurar kemo, wato allurar kashe ƙwayoyin daji. Kawunmu ya hana, wai hadisi ya ce habbatus sauda maganin kowace cuta ce, bin maganin Turawa kuma raunin imani ne. Ina mafita?

Amsa: Allah Ya ba Hajiya lafiya. 'Yar'uwa, hukuncin yana rataye da maganarki cewa "bai bazu ba tukuna". Neman magani asalinsa halal ne. Amma idan ƙwararru sun rinjayar da cewa barinsa zai kai ga halaka, ya zama wajibi, kuma haka Majalisar Fiƙihun Musulunci ta zartar a Jidda a 1992.

Hadisin Kawu ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim. Fahimtarsa ce da gyara. Ibn Hajar, mai sharhin Bukhari, ya kawo daga malamin hadisi Khaɗɗabi cewa "kowace cuta" a nan lafazi ne na game-gari da ake nufin wani sashe da shi. Ai Alƙur'ani ya ce iskar da aka aika wa Adawa, mutanen Annabi Hudu, tana rusa "kowane abu", amma a ayar nan ɗaya aka ce gidajensu na nan ana gani. Kuma wanda ya faɗi hadisin, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ƙaho, ya yi umarni da zuma, bai tsaya ga habba kaɗai ba. Masana na binciken sinadarin da ke cikinta, to amma kashe ƙwayar daji a kwalbar gwaji daban, warkar da mutum daban.

Batun "maganin Turawa" kuwa, a tambayi Kawu wa ya tsirar da itatuwa. Allurar Taxol da ake yi wa masu irin ciwon Hajiya, daga ɓawon wata bishiya ta yammacin Amurka aka fara samo ta. Vincristine kuma, wata allurar daji, daga wani ɗan tsiro mai fure na Madagaska. Sassaƙe ne shi ma, sai dai an tace, an auna, an gwada.

Kada ki yi sa-in-sa da Kawu, ƙauna ce ta sa shi. Ku tafi da shi ya ji daga bakin likita. Ta-cewa tana wurin Hajiya, jikinta ne, a gaya mata gaskiya har batun zubewar gashi. In tana son shan habbar ta sha, amma likita ya sani tukun, domin wasu itatuwan na karo da allurar. Masu tallar gorar "maganin daji" da lasifika a bakin kasuwa kuwa, ku riƙe kuɗinku. Kada ranar aikin ta wuce ana shawara.

Wallahu a'alamu.