Takardar rasuwar kaka a Ingila: sai an biya Ancestry?

Kana tambaya ko dole sai ka biya kuɗin wata a Ancestry, shafin binciken asalin dangi, kafin ka sami takardar rasuwar kakanka da ya rasu a Liverpool a 1952. A'a, malam. Buɗe asusu kyauta a shafin GRO, ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na Ingila da Wales, ka duba jerin sunayensu ko na FreeBMD, wani shafin kyauta mai irin wannan jerin. Kwafe shekara, gunduma, lambar kundi da lambar shafi, sannan ka yi oda. Hoton rajistar fam 3 ne, PDF fam 8, takarda mai hatimi da ake aikowa ta gidan waya fam 12.50.

Sharaɗin shi ne, hoto da PDF sun tsaya a mutuwar 1957, kuma ba a karɓarsu a maganar gado ko kotu, sai mai hatimin. Kafin ka biya, gwada sunan ta fuskoki da yawa, Mohammed, Mahomed, Mamman, domin magatakardan Turawa yadda kunnensu ya ji suke rubutawa, in ba ka lura ba sai ka sayi takardar wani. Katin naira na iya ƙin wucewa, don haka tanadi na dala.